Ciki ɗaya a mahaifa, ɗaya a bututu: yaya ake ganewa, kuma me ake yi?

Sista Ungozoma

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga likitocin mata ne da masu sikanin da ke wannan zaure. Abin da aka saba koyarwa shi ne, idan mace mai ƙaramin ciki ta zo da ciwon mara, aka yi sikanin aka ga ciki zaune daram a mahaifa, to maganar ciki a wajen mahaifa ta wuce. Amma ga shi ana samun biyun tare. Shin ƙa'idar nan tana nan ko ta tsufa? Kuma a ƙaramin asibitin da ba shi da sikanin ta gaba, wato wadda ake sa kan na'urar ta farji, me ungozoma za ta duba kafin ta sallami mace da farasitamol?

Dakta Likitan Mata

Wa alaikumus salam Sista. Ƙa'idar ta tsufa, kuma asalinta ma lissafi ne a kan takarda. A 1948 wasu likitocin Amurka biyu, DeVoe da Pratt, suka ɗauki yawan tagwayen da ba sa kama da juna, suka haɗa da yawan ciki a wajen mahaifa na zamaninsu, suka fitar da ɗaya cikin 30,000. Adadin nan ne ake ta maimaitawa har yau.

Ki duba abin da ke faruwa a jiki. Ƙwai biyu ne suka fito a wata ɗaya, duka suka haɗu da maniyyi, ɗaya ya sauka mahaifa, ɗayan ya maƙale a hanya, a bututun da ke kai ƙwai mahaifa. Tagwaye ne, sai dai ɗayan bai ƙarasa gida ba. Don haka duk abin da ya ƙara yawan tagwaye, ko ya lalata bututu, zai ƙara yawan matsalar. Afirka ta Yamma na cikin wuraren da aka fi haihuwar tagwaye a duniya. Ga ciwon sanyi da ba a yi wa magani yadda ya kamata ba, ga ƙwayoyin cuta da kan shiga bayan ɓari ko haihuwa su bar tabo a bututu, ga Clomid, maganin neman haihuwa mai sa ƙwai su nuna, da mata ke saya a kemis ba tare da kowa ya duba ƙwai nawa suka nuna ba. Ga waɗanda aka yi wa IVF, wato haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, aka mayar musu da tayi fiye da ɗaya kuwa, adadin yana iya kaiwa ɗaya cikin 100. Ganin ciki a mahaifa rage zato yake yi, bai isa a rufe fayil ba.

Ɗalibin Likitanci

Ranka ya daɗe, to gwajin hCG fa, sinadarin ciki da ake aunawa a jini? An koya mana a auna, a maimaita bayan awa 48, in bai tashi yadda ya kamata ba a yi zargin bututu.

Dakta Likitan Mata

A nan ba shi da amfani, kuma shi ne tarkon. Cikin da ke mahaifa yana da lafiya, mabiyiyarsa na fitar da hCG yadda ya dace, sai ya rufe ɗan abin da na bututu ke fitarwa. Za ka ga lambobi masu kyau ka saki jiki. Ma'aunin nan na cewa in hCG ya kai 1,500 zuwa 2,000 ya kamata a ga jakar ciki a mahaifa, an yi shi ne don amsa tambayar "ina cikin yake?", kuma a nan an riga an ga ɗaya. Firojestaron, sinadarin da ke riƙe ciki, shi ma haka, zai fito lafiya lau. Jini ba zai gaya maka ba, sai hannu da sikanin.

Malam Mai Sikanin

Bari in shigo nan, don laifin yawanci a ɗakinmu yake farawa. Ana ɗora na'ura, an ga jaka, an ga bugun zuciya, matar ta yi hamdala, mai sikanin ya auna tsawon tayi ya rubuta sati bakwai ya miƙa takarda. Minti uku. Gefen mahaifa ko kallo bai samu ba.

Sikanin farkon ciki bai kammala ba sai an yi abu huɗu. Da farko a tabbatar abin da ke mahaifa ciki ne na gaske. Jakar gaske tana nutse ne a gefe ɗaya na shimfiɗar mahaifa, da kauri mai haske zagaye da ita, wajen sati biyar da rabi a ga ɗan zoben gwaiduwa a ciki, wajen sati shida a ga tayi da bugu. Jakar bogi ruwa ne ko jini da ya taru a tsakiyar kogon mahaifa, bakinta tsini-tsini, babu komai a cikinta. Wanda ya ɗauki ta bogi a matsayin ta gaske ya rasa ciki a wajen mahaifa na yau da kullum ma, ba wannan na biyu-biyu ba.

Sannan a bi mahaifa har kusurwoyinta biyu na sama, inda bututu ke shiga. Sannan a nemo ma'ajiyar ƙwai ta dama da ta hagu, kowacce a gan ta da ido, a duba tsakaninta da mahaifa. Abin da ake nema ba lallai tayi mai bugun zuciya ba ne, wannan a kaɗan ake samu. Mafi yawa dunƙule ne kawai mara fasali kusa da ma'ajiyar ƙwai, ko zobe mai kauri da rami a tsakiya. Na ƙarshe a duba ruwa a kwarin bayan mahaifa. Ɗan ruwa baƙi wuluk kaɗan ba abin damuwa ba ne a farkon ciki. Ruwa mai ɗigo-ɗigo a ciki kamar kunu, jini ne. In aka mayar da na'ura saman ciki aka ga ruwa ya hau har tsakanin hanta da ƙodar dama, jinin ya kai rabin lita ko fiye, a daina aune-aune a kira likita.

Ɗalibin Likitanci

Malam, zoben nan da ka ce, yaya ake raba shi da gurbin ƙwai? A hoto dai kamarsu ɗaya.

Malam Mai Sikanin

A nan gizo ke saƙa. Gurbin da ƙwai ya fito ya bari, wanda ke fitar da firojestaron, dole ne a same shi a kowane farkon ciki, kuma mai ƙwai biyu tana iya samun gurbi biyu. Kada ka dogara da launin Doppler, wanda ke nuna gudun jini a sikanin, duka biyun suna nuna zoben jini zagaye da su. Abin da ke raba su: gurbin ƙwai a jikin ma'ajiyar yake, naman ma'ajiyar ya rungume shi. Na bututu a waje yake, kuma bangonsa yakan fi naman ma'ajiyar haske. Sai ka danna kan na'urar a hankali, ɗaya hannun a kan mara. In dunƙulen ya tafi tare da ma'ajiyar kamar abu ɗaya, gurbin ƙwai ne. In ya zame ya rabu da ita, na bututu ne har sai an tabbatar da akasin haka. Ka kuma kalli fuskar matar lokacin da kan na'urar ya taɓa wurin.

Sikanin ta saman ciki ba ta nuna wannan da kyau kafin sati takwas, musamman ga mai jiki. Wanda ita kaɗai gare shi ya rubuta gaskiya a takarda: "ban ga ma'ajiyar ƙwai ta hagu ba." Wannan ya fi "komai lafiya" sau dubu. Kuma sikanin ɗaya mai kyau a sati biyar ba ta wanke mace ba. Kusan kashi 70 cikin 100 ana gano su tsakanin sati biyar zuwa takwas, kusan kashi 20 a sati tara zuwa goma, sauran sai bayan sati goma sha ɗaya. Mai haɗari ko mai ciwon da bai lafa ba, a sake mata bayan mako guda.

Sista Ungozoma

Na gode Malam. Amma tambayata ta biyu tana nan. Inda babu na'urar fa?

Dakta Likitar Gaggawa

Sista, abu na farko kada ki jira zubar jini ta gaba. A ciki na wajen mahaifa shi kaɗai, jinin da ake gani shimfiɗar mahaifa ce ke zubewa saboda sinadari ya yi ƙasa. A nan cikin da ke mahaifa yana riƙe da shimfiɗar, don haka da yawa ba sa ganin ko ɗigo. Jinin yana zuba ne a cikin ciki inda ba mai gani.

Ki tambaye ta abu uku da ba za ta faɗa da kanta ba: ta sha maganin neman haihuwa, ko da na kemis ne? An taɓa yi mata aiki a bututu ko ta taɓa ciki a wajen mahaifa? Ta daɗe tana neman haihuwa kafin wannan? Mata da yawa ba sa ɗaukar Clomid a matsayin abin da za a gaya wa ma'aikaci, wasu kuma suna ɓoyewa in miji ko uwar miji na tsaye. Ki fitar da kowa ki tambaya.

Ciwon yakan fi a gefe ɗaya. Ciwon saman kafaɗa, musamman in ta kwanta, jini ne ya hau ya taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Jin kamar kashi ya matse ta amma ba ya fitowa, ko ɗan gudawa, jini ne ya taru a bayan mahaifa yana danna dubura. Irin waɗannan ne ake yi wa maganin taifot ko ulsa kwana biyu. Jiri in ta miƙe, ko suma ko da sau ɗaya ce a banɗaki, ba laulayin ciki ba ne.

Sai awo. Matashiya tana iya rasa lita ɗaya da rabi na jini awon jininta na nuna 110 bisa 70, domin jijiyoyinta na matsewa su riƙe. Bugun zuciya ne ke fara tona asiri. Ki raba bugun zuciya da lambar sama ta awon jini: bugu 110, lambar sama 100, ya ba da 1.1. Daga 0.9 zuwa sama ki ɗauka tana zubar da jini. PCV na farko, wato gwajin yawan jini, shi ma yana ruɗi, don jini gaba ɗaya ne ya fita, bai tsinke ba tukuna, sai bayan an ƙara ruwa zai faɗi. Ki sa mata allurar ruwa babba, lamba 16 ko 18, a hannu biyu, ki ɗebi jinin gwajin rukuni, ki tura ta inda ake tiyata tare da 'yan uwa biyu masu iya ba da jini. Ba a mashin ba, kuma ba ita kaɗai ba.

Dakta Babban Asibitin Karkara

Ƙari a kan na Dakta: inda babu sikanin, sirinji na nan. Allura lamba 18 a kan sirinji na mil 10, a soka ta bayan bakin mahaifa zuwa kwarin baya, ko ta gefen ƙasan ciki in cikin ya cika. In jini ya fito aka zuba a kwano ya yi minti goma bai daskare ba, daga cikin ciki yake, don ya riga ya daskare ya narke a can. Wanda ya daskare jijiya aka soka. In ba abin da ya fito, wannan bai wanke ta ba.

Malam Mai Sikanin

Dakta, amma gurbin ƙwai da ya fashe ma zai ba da wannan jinin.

Dakta Babban Asibitin Karkara

Gaskiya ne, kuma murɗewar ma'ajiyar ƙwai da afendis duk suna cikin lissafi. Amma mace mai bugu 120 da jini a cikinta ɗakin tiyata za ta, ko wanne ne. A can za a san sunansa.

Ɗalibin Likitanci

To an gano da wuri, bai fashe ba, ƙarami ne. Ba sai a yi mata allurar metotirekset ba?

Dakta Likitan Mata

A'a, kuma wannan ka rubuta shi da jan biro. Metotirekset yana hana ƙwayoyin halitta amfani da folik asid, ba ya tambayar wane ciki ne na ciki wane ne na waje. Zai kashe na mahaifar, in kuma bai kashe ba zai iya barin nakasa a ƙoƙon kai, fuska da gaɓoɓi. Muddin na mahaifa yana raye kuma ana son sa, babu metotirekset, babu magungunan fitar da ciki, wato mifefiriston da misofurostol.

Magani shi ne tiyata, a cire bututun da abin ke ciki gaba ɗaya. In matar na tsaye da ƙafarta kuma akwai kayan aiki, tiyatar kyamara ta fi: ƙaramin rauni, ba a cakuɗa mahaifa sosai, ta tashi da wuri. Amma akwai abubuwan da suka bambanta da aikin yau da kullum. Ba a sa ƙarfen juya mahaifa ta bakin mahaifa, sam. In ana son ɗaga ta, a naɗe gauz a kan almakashin riƙo a sa a gaba, a bayan bakin mahaifa. Iskar da ake hura ciki a tsayar da matsinta wajen 10 zuwa 12 a ma'aunin na'urar. Wutar ƙona jijiya a yi da mai baki biyu, a taƙaita ta kusa da kusurwar mahaifa. A yanka dab da jikin bututu, don jijiyoyin da ke ciyar da ma'ajiyar ƙwai suna bi ta tantanin da ke riƙe da bututun.

Gurbin ƙwai kuma a kiyaye shi kamar ƙwai a cokali. Shi ke riƙe da cikin mahaifa har mabiyiya ta karɓi aikin tsakanin sati bakwai zuwa tara. Binciken wani masani mai suna Csapo na farkon shekarun 1970 ya nuna in aka cire shi kafin sati bakwai ɓari ke biyo baya, in kuma aka ba da firojestaron cikin yakan tsaya. Don haka in dole ta sa aka taɓa shi ko aka cire ma'ajiyar kafin sati goma, a fara firojestaron ran nan, misali na matsi miligiram 400 safe da dare, har sati goma sha biyu.

Hajiya Likitar Neman Haihuwa

Dakta, ina tare da kai, amma bari in ɗaga abin da majinyata ke tambaya. Macen da ta shekara takwas tana nema, ɗaya bututun ma ba lafiyayye ba, a ce a cire wannan. Wasu za su ce a tsaga a kwashe a bar mata bututun.

Dakta Likitan Mata

Ranki ya daɗe, garin neman gira ake rasa ido. Tsaga bututu kan bar ragowar naman mabiyiya a wasu matan, ya ci gaba da girma ya fashe daga baya. A cikin da ke waje shi kaɗai muna kama wannan da hCG na mako-mako, mu kashe shi da metotirekset. A nan duka biyun an ƙwace mana: hCG ba zai nuna ba, maganin kuma haramun ne. Bututun da aka tsaga yakan ci gaba da tsiyayar jini, a daɗe ana ƙonawa. Ga ciki mai rai a mahaifa wanda shi ne abin da ta shekara takwas tana nema. Ni ban ga dalilin jefa shi a haɗarin tiyata ta biyu don bututun da ya riga ya nuna halinsa ba.

Hajiya Likitar Neman Haihuwa

Na karɓa, ga na tsakiyar bututu. Amma ba duka ne ke zama inda almakashi zai kai cikin sauƙi ba, kuma waɗannan mu muka fi ganinsu bayan IVF. Akwai na kusurwar mahaifa, inda bututu ya ratsa naman mahaifa. A sikanin za a ga jakar can sama a gefe, naman da ya kewaye ta bai kai milimita 5 ba, da ɗan layi mai haske daga kogon mahaifa zuwa gare ta. Wurin yana miƙewa, don haka yakan daɗe bai fashe ba, in kuma ya fashe jijiyar mahaifa da ta ma'ajiyar ƙwai ne ke haɗuwa a nan, jinin kamar an buɗe famfo. Yana faruwa har ga wadda aka riga aka cire wa bututun. Akwai na bakin mahaifa, akwai na tabon tiyatar haihuwa.

A waɗannan, in bai fashe ba, ana iya shiga da allurar ɗiban ƙwai ƙarƙashin sikanin ta gaba, a zuƙe ruwan jakar, a zuba sinadarin fotasiyam kulorayid kaɗan a cikin tayin har bugun ya tsaya, ko ruwan gulukos mai kauri na kashi 50. Ba ya kai wa na mahaifa in an yi daidai. Matsalarsa ita ce tayin ne ya tsaya, naman mabiyiya bai mutu nan take ba. Dunƙulen na iya ƙara girma na makonni, jijiyoyi su yawaita, ya yi jini a tsakiyar ciki ko ranar haihuwa. A na tsakiyar bututu ma an gwada, da yawa suka ƙare a tiyata, shi ya sa ba a ba da shawararsa a can. Wannan aikin babban asibiti ne mai bankin jini da ɗakin tiyata a buɗe dare da rana.

Abin lura a gefe: cikin farko da masanan Birtaniya Steptoe da Edwards suka samu ta IVF, wanda suka wallafa a 1976, a bututu ya zauna, shekara biyu kafin haihuwar Louise Brown, jaririya ta farko da aka haifa ta IVF. Tayin da aka ajiye a mahaifa yana yawo kafin ya kama. Shi ya sa mayar da tayi ɗaya tak ya fi komai rage wannan matsala, kuma bututun da ya kumbura da ruwa a cire shi ko a toshe kafin a fara. Sannan waɗanda ma'ajiyar ƙwansu ta kumbura saboda alluran nuna ƙwai, kowacce ta kai girman lemo ko fiye, ga ruwa a ciki, su ne suka fi wuyar ganewa: kumburin ya ɓoye bututu, ciwon da ruwan kuma a ɗora wa allurai. A kumburin allurai jini kauri yake yi, PCV ya hau. In aka ga yana sauka, ruwan da ke cikin nan ba ruwa ba ne.

Ɗalibin Likitanci

Babu halin a zuba ido kawai?

Hajiya Likitar Neman Haihuwa

Akwai, amma ƙofar ƙarama ce: babu ciwo, babu bugun zuciya a na wajen, dunƙulen ƙarami kuma yana raguwa a sikanin da ake maimaitawa duk bayan 'yan kwanaki, babu jini a ciki, gidanta kusa da asibiti, akwai mota da dare. In ɗaya ya faɗi a cikin waɗannan, a yi aiki.

Dakta Mai Sa Barci

Ku bar ni in yi maganar wadda ta zo a sheme, don ita ce ta fi yawa a asibitocinmu. Kada a yi mata allurar baya ta kashe rabin jiki. Tana buɗe jijiyoyi, ɗan awon jinin da ya rage ya zube. Barci gaba ɗaya, da ketamin, kuma a rage shi zuwa wajen miligiram 1 ko ƙasa a kan kowane kilo ga wadda jininta ya zuba sosai. A wanke ciki, a shimfiɗa ƙyallaye, likita ya riƙe wuƙa, sannan a sa barci, domin da naman ciki ya saki matsin da ke danne jijiyar ya tafi. Kada a tsaya cika ta da ruwa lita huɗu ana jiran awon jini ya dawo daidai kafin a shiga. Ruwan gishiri yana tsinka jini ya wanke gudan da ya fara toshe wurin. Abin da zai farfaɗo da ita shi ne a damƙe jijiyar, a ba ta jini. Traneksamik asid giram 1 ta jijiya cikin minti goma yana taimakawa.

Sista Ungozoma

Dakta, barin awon jinin a ƙasa ba zai cutar da na mahaifar ba?

Dakta Mai Sa Barci

Zai iya, shi ya sa ake so mintocin su zama kaɗan, a ba da iskar oksijin sosai, da an damƙe jijiya a ɗaga awon da jini. Amma tsarin ba ya canzawa: uwa tukuna. Magungunan barcin da ake amfani da su yau ba a nuna suna nakasa tayi a aiki ɗaya ba. Abin da ke kashe shi ƙarancin jini ne da ƙarancin iska na tsawon lokaci, wato jinkiri.

Dakta Babban Asibitin Karkara

A buɗe ciki, hannu ya tafi kai tsaye ga kusurwar mahaifa ya bi bututu, a damƙe kafin a fara kwashe jini. Tun 1883 likitan tiyata Lawson Tait ya nuna a Birmingham ta Ingila cewa ɗaure bututun nan shi ne ceton rai, ba abin da ya canza a wannan. Abin da nake so matasa su riƙe: mahaifar da ta fi girman da ake zato, mai laushi, kada a matse ta, kada a ciccibo ta waje ana jujjuyawa, kuma kada a ce "bari mu yi wankin ciki gaba ɗaya" a ƙarshen aiki. Duk wadda za a shiga da ita don ciki a wajen mahaifa, in akwai na'ura ko ta saman ciki ce, a leƙa mahaifar na minti ɗaya. A duba ɗaya bututun kafin a rufe. Babu alluran matse mahaifa, wato oksitosin da egometirin.

In babu jini a banki, jinin da ke cikin nata ana iya mayar mata in sabo ne, bai wuce kwana ɗaya ba, ba wari, ba alamar hanji ya huje: a kwasa da ƙaramin kwano mai tsabta, a tace ta gauz ninki shida zuwa takwas, a zuba a jakar jini mai maganin hana daskarewa, a ɗaura da layin ƙarin jini mai matata.

Dakta Likitan Mata

Takardar magani bayan aiki ma wuri ne da ake kuskure, don hannu ya saba. An saba rubuta doksisaikilin da sifurofuloksasin da diklofenak ga wadda aka cire wa bututu. Wannan tana da ciki. Seftiriyazon ya isa, in ana zargin kilamidiya a ba da azitromaisin giram 1, a yi wa maigida magani shi ma, da abokan zamanta in akwai. Ciwo kuma farasitamol, da ɗan maganin ciwo mai ƙarfi na kwana ɗaya ko biyu. Maganin ƙarin jini da folik asid su ci gaba. A duba bugun zuciyar tayi kafin aiki da bayansa a rubuta, a sake sikanin bayan mako ɗaya ko biyu. Bututun da aka cire a tura shi ɗakin gwaji.

Kafin a sa hannu a takarda a gaya musu gaskiya da Hausa mai sauƙi: ciki biyu ne, na wajen ba zai rayu ba kuma ba a iya ɗauko shi a mayar mahaifa, barinsa na iya kashe ta. Na mahaifar kusan biyu cikin uku suna kaiwa haihuwa, in an gano da wuri ma fiye da haka. Bututu ɗaya lafiyayye ya isa a sake samun ciki. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce ke sa miji ya daina cewa a bari a je gida a yi shawara.

Sista Ungozoma

Akwai wata fuskar da ba a taɓo ba. Mace ta zo da ɓari, an yi wankin ciki da MVA, sirinjin nan na zuƙowa, an ga naman ciki da ido, an sallame ta. In akwai na biyu a bututu fa?

Dakta Likitar Gaggawa

Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, kuma wannan ita ce ta fi haɗari, don kowa ya gamsu an gama. Ita kanta in ciwo ya dawo za ta ce na wankin ne. Kariya biyu ce: a duba gefen mahaifa kafin wankin, kuma a gaya mata ciwon da ke ƙaruwa bayan kwana ɗaya ko biyu, jiri, ko ciwon kafaɗa, ta dawo a daren. Ta sake gwajin fitsari bayan mako uku, in har yanzu yana nuna ciki ta zo.

A nan ne kawai metotirekset ke dawowa, tunda babu na mahaifa da za a kare: miligiram 50 a kan kowane murabba'in mita na faɗin jiki, allura ɗaya a tsoka, in bai fashe ba, dunƙulen bai kai milimita 35 ba, babu bugun zuciya, hCG bai yi yawa ba, hanta da ƙoda lafiya. A auna hCG rana ta huɗu da ta bakwai, ana son ya sauka da kashi 15 cikin 100 tsakaninsu, sannan mako-mako har ya ɓace. Ta dakata da ɗaukar ciki wata uku, ta ajiye folik asid lokacin maganin.

Sista Ungozoma

Allah ya saka da alheri. Saura biyu ƙanana don katin awo: mai jini Rh negatif, da kuma yadda za ta haihu.

Dakta Likitan Mata

Amin Sista. Mai Rh negatif da ba ta riga ta yi garkuwa ba a ba ta Anti-D, allurar da ke hana jikinta yin garkuwa a kan jinin jariri, cikin awa 72 da tiyata. Kafin sati goma sha biyu 250 IU ya isa, in kuma na 1,500 IU ne kawai a kantin magani a ba ta shi duka, ba ya cutarwa. Wannan bai ɗauke na sati 28 ba, bai ɗauke na bayan haihuwa ba in jaririn ya zo fozitif.

Haihuwa kuma ya danganta da inda aka yanka. Wadda aka cire wa bututu kawai, naman mahaifa ba a taɓa ba, za ta yi naƙuda ta haihu da kanta kamar kowa. Wadda aka yanke wa kusurwar mahaifa aka ɗinke, ɗinkin nan zai miƙe tare da cikin da ke girma, yana iya yagewa tun kafin naƙuda. Ita a rubuta a saman katinta da manyan baƙaƙe, ta yi awo a asibitin da ke da tiyata, duk ciwon ciki mai tsanani a watannin ƙarshe ta taho ba jira, kuma a tsara mata tiyatar haihuwa wajen sati 36 zuwa 37 kafin naƙuda ta fara.